David Lubin: Mai kantin da ya zaunar da ƙasashe 40 a kan maganar manomi da cutar shuka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fitar da riɗi ko citta ko zoɓo zuwa ƙasar waje ya san akwai wata takarda da in babu ita kwantena ba ta motsawa, ko da an biya kuɗin jirgi an kuma sallami kwastan. Ita ce takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda a Najeriya hukumar NAQS ke bayarwa bayan jami'anta sun duba kaya sun tabbatar babu ƙwaro ko cutar da ƙasar mai saye take gudu. Abin lura shi ne, jami'in da ke tashar jiragen ruwa a wata nahiya yakan karɓi sa hannun takwaransa da bai taɓa gani ba, ya kuma yi aiki da shi. An daɗe ana gina wannan yarda, kuma cikin waɗanda suka haƙa mata harsashi akwai wani mai kanti a Kaliforniya wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 12. Sunansa David Lubin.

An haife shi a shekarar 1849 a wani ƙaramin gari mai suna Klodawa a ƙasar Polan, lokacin yankin yana hannun Rasha. Iyayensa Yahudawa ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta sake aure, iyalin suka yi ƙaura ta Ingila suka sauka New York a 1855. Talauci ya fitar da shi daga aji da wuri. Ya yi aikin goge kayan ado a wata masana'anta a jihar Masacuset, ya nausa yamma ya shiga sahun masu neman zinare a Arizona bai samu abin kirki ba, ya kuma yi yawon tallan kaya gari-gari. A 1874 ya yada zango a Sakramanto, babban birnin Kaliforniya, ya buɗe ɗan ƙaramin kantin tufafin ma'aikata. Ba da jimawa ba ƙanensa da suke uwa ɗaya, Harris Weinstock, ya zo suka haɗa jari.

Ciniki a yammacin Amurka na wancan zamani irin wanda muka saba da shi ne. Mai kaya ya yanka kuɗi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallama. Farashi kuwa yakan bi fuskar mai saye: ɗan gari ya saya da sauƙi, baƙo da wanda bai san kan kaya ba su sha tsada. Lubin ya rubuta a ƙofar kantinsa cewa farashi ɗaya ne. Kowane kaya da kuɗinsa a jiki, babu tayi babu ragi, kuma ba a gaya wa mai saye abin da kayan ba su da shi. Da farko mutane suka ɗauka taurin kai ne. Da ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran leburori suka gane cewa yaron da aka aika da attajirin da ya zo da kansa kuɗi ɗaya suke biya, sai kantin ya cika. Daga nan aka fara karɓar oda ta gidan waya daga ƙauyuka masu nisa, har kamfanin Weinstock da Lubin ya shiga sahun manyan masu wannan harka a gaɓar yammacin ƙasar.

Tayi yana da daɗinsa, kuma a kasuwanninmu wata hanya ce ta gaisawa da sanin juna. Amma Lubin ya hango wani abu da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: a duk cinikin da ɗaya ya san gaskiyar kaya ɗaya bai sani ba, wanda bai sani ba shi ke biyan kuɗin rashin saninsa.

Daga kanti zuwa gona

A 1884 ya cika wa mahaifiyarsa alkawari ya kai ta ziyara Falasɗinu. Ya dawo da tunanin cewa ƙasa ba ta tsayuwa sai da ƙananan manoma masu mallakar gonakinsu. Sai ya sayi gonar 'ya'yan itace kusa da Sakramanto da kuma filin alkama. A nan ne mai kantin da ya saba yanka farashi ya tsinci kansa a matsayin wanda ake yanka wa. Zai loda kayan lambu a jirgin ƙasa zuwa biranen gabas, kuɗin dako ya cinye rabo mai tsoka, dillalin can ya sayar yadda ya ga dama, sannan ya aiko da lissafin da babu hanyar tantance shi. Shi da Weinstock suka shiga gaba wajen haɗa manoman 'ya'yan itacen jihar cikin ƙungiya, don su yi magana da kamfanonin jirgin ƙasa da murya ɗaya, su kuma sayar da kayansu ta hanyar gwanjo a bainar jama'a.

Alkama ta koya masa darasi mafi girma. Farashinta a Kaliforniya yana bin farashin kasuwar Libaful ta Ingila, shi kuwa wancan yana bin labarin damina a Rasha da Indiya da Ajantina. Manyan kamfanonin hatsi suna da wakilai a waɗannan ƙasashe masu aiko musu da labari ta wayar tangaraho. Manomi ba shi da kowa. Har ila yau, manomin Amurka yana sayar da amfaninsa a farashin kasuwar duniya, amma garma da tufafin da yake saya an kāre su da harajin fito mai yawa. Lubin ya kwashe shekaru a cikin 1890 yana neman gwamnati ta riƙa ba manomi tallafi a kan abin da ya fitar waje don a daidaita wannan. Bai yi nasara ba, kuma da wuya a ce shawarar tana da ƙwari. Amma ta kai shi taron aikin gona na duniya a Budafes a 1896, inda ya fahimci cewa kukan manomin Hangari da na Kaliforniya iri ɗaya ne, kuma babu gwamnati guda da za ta iya share musu hawaye ita kaɗai.

Wanda yake shakkar darajar labarin amfanin gona sai ya dubi abin da ya fallasa a Washinton a 1905. Wani babban jami'in ƙididdiga a ma'aikatar gona ya haɗa baki da ɗan kasuwar auduga. Ana kulle jami'ai a ɗaki ranar haɗa rahoton amfanin gona don kada labari ya fita, shi kuwa sai ya ɗaga ko ya sauke labulen taga, abokin nasa yana waje yana karanta alamar, ya riga kowa saye ko sayarwa.

Ƙwaron da ba ya tsayawa a kan iyaka

Akwai wani labarin da ya fi na farashi wuyar fitowa daga bakin gwamnatoci, wato labarin cutar shuka. Jiragen ruwa masu tururi sun rage tsawon tafiya, har ƙwaron da a dā zai mutu a hanya ya fara isa da ransa. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, mai tsotsar saiwar inabi, ya shiga Faransa a jikin dashen da aka kawo daga Amurka. Ya lalata kaso mai yawa na gonakin inabin ƙasar, ya tsallaka maƙwabta. Maganin da ya tsaya a ƙarshe shi ne a aurar da inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka mai jure masa. Kafin a kai nan, tsoro ya tilasta wa wasu ƙasashen Turai zama a birnin Bern na Siwizalan a 1878, suka ƙulla yarjejeniya, suka sake gyara ta a 1881. Ta tanadi duba gidajen renon dashe da ba da takardar shaida kafin dashe ya ƙetare iyaka. Ita ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta farko a kan lafiyar tsirrai, sai dai a kan ƙwaro ɗaya take.

Sauran ƙwari kowa tasa ta fisshe shi. Jamus ta hana shigar dankalin Amurka a 1875 saboda ƙwaron Kolorado. A 1898 ta sake ɗaukar mataki a kan 'ya'yan itace da dashen Amurka saboda wani ƙwaro mai manne wa bishiya wanda aka sa wa sunan garin San Jose na Kaliforniya, jihar da Lubin yake noma. Amurkawa da yawa suka ce ƙwaron hujja ce kawai, ana so ne a kāre kasuwar manoman Jamus. Ita ma Amurkar ba ta tsira ba. A 1910 Japan ta aiko wa birnin Washinton kyautar bishiyoyin ceri 2,000, masu dubawa suka same su da ƙwari da cuta, aka ƙone su duk da nauyin kyautar. Shekara biyu bayan haka ƙasar ta yi dokarta ta killace tsirrai.

A nan tsoro biyu ne suke ciyar da juna. Ƙasar da cuta ta ɓulla a gonakinta tana tsoron faɗa, don kada a rufe mata kasuwa. Ƙasar mai saye, tunda ta san za a iya ɓoye mata, sai ta rufe ƙofa da zarar ta ji ƙishin-ƙishin, wani lokaci ma ta fake da guzuma ta harbi karsana. Ana cikin wannan ɓoye-ɓoye ƙwaron yana tafiyarsa. Matsalar kantin Sakramanto ce ta dawo, amma a tsakanin gwamnatoci.

Ganawa da Sarkin Italiya

A 1904, yana da shekara 55, Lubin ya bar harkar kanti ya tafi Turai neman gwamnatin da za ta kira taron duniya a kan aikin gona. Ma'aikatar gona ta ƙasarsa ba ta ga amfanin abin ba, tana ganin ƙididdigarta ta ishe ta. Landan da Faris ma ba su ba shi fuska ba. A birnin Rum ne ya samu masu sauraro cikin masana tattalin arziki, musamman Luigi Luzzatti, wanda daga baya ya zama firaminista. A watan Oktoba aka sada shi da Sarki Victor Emmanuel na Uku a gidan hutunsa na San Rossore kusa da Pisa. Sarkin yana da shekara 34. Lubin bai iya ladabin fada ba. An ruwaito cewa ya gaya wa sarkin a fili cewa ƙasarsa ba ta cikin sahun gaba a ƙarfi, kuma ba za ta shiga ta hanyar jiragen yaƙi ba, amma za ta iya shiga in ta jagoranci wannan aiki. Maimakon a kore shi, ganawar ta zarce lokacin da aka ɗiba mata.

A watan Janairun 1905 sarkin ya rubuta wa firaministansa Giovanni Giolitti wasiƙa yana neman a gayyaci ƙasashen duniya. Cikin ayyukan da wasiƙar ta lissafa har da shirya yarjejeniyoyin kāre kai na bai ɗaya daga cututtukan shuka da na dabbobi, irin waɗanda ƙoƙarin ƙasa guda ba ya wadatarwa a kansu. Ƙasashe 40 suka zauna a Rum, ciki har da Masar da Habasha da Farisa da Turkiyya da Sin da Japan, kuma ranar 7 ga Yuni 1905 aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Cibiyar Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa.

Abin da ya fito daga taron bai kai abin da Lubin ya nema ba. Shi majalisa yake so wadda ƙungiyoyin manoma za su zauna a cikinta da kansu. Jakadu suka mayar da ita cibiyar gwamnatoci zalla, mai tattara bayani da ba da shawara, ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Shi kansa ba ya cikin wakilan ƙasarsa a taron. Sai a 1906 aka naɗa shi wakilin Amurka na dindindin a cibiyar, muƙamin da ya riƙe har mutuwarsa. Game da nahiyarmu kuwa, ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka suna shiga ne kawai in mai mulkinsu ya nema musu. Shekara biyu ke nan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, kuma manomin da ba da jimawa ba gyaɗarsa za ta cika jiragen ruwa zuwa Turai babu wanda ya tambaye shi ra'ayi.

Duk da haka, a sashe na 9 na yarjejeniyar an sa wani aiki mai layi kaɗan: cibiyar za ta riƙa sanar da duniya sababbin cututtukan tsirrai a duk inda suka ɓulla, ta nuna yankunan da suka kama, da yadda suke yaɗuwa, da maganinsu in an samu. Lubin ya fi damuwa da farashi. Babban burinsa shi ne a tara rahotannin ƙasashe a fitar da adadi guda da zai nuna wa kowa halin da alkamar duniya take ciki a kowane wata, kamar dai kuɗin da yake maƙalawa a jikin kaya a kantinsa. Amma a ganina wannan ɗan sashe na cutar shuka shi ne ya fi sauran ayyukan cibiyar barin gado mai rai.

Sarki ya ware kuɗi daga dukiyarsa, aka gina wa cibiyar mazauni a lambun Villa Borghese, aka buɗe ta a 1908. Daga 1910 ta fara fitar da mujallar ƙididdigar amfanin gona, da wata ta sashen da ke kula da bayanan noma da cututtukan tsirrai. A farkon 1914 wakilan ƙasashe kimanin 30 suka taru a ginin suka tsara yarjejeniyar da ta wuce ƙwaro ɗaya. Kowace ƙasa za ta kafa hukuma ta gwamnati mai duba gidajen renon dashe, hukumar ta ba da takardar shaida, sauran ƙasashe su karɓa. Wannan shi ne tsarin da muke gani yau. An sa hannu a watan Maris, a watan Agusta Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, takardar ta kwanta ba ta fara aiki ba.

Lubin bai zauna ba. Ya dage har wata tawagar Amurka ta zagaya Turai a 1913 don nazarin bankunan manoma da ƙungiyoyin gama kai, aikin da ya taimaka wajen fitowar dokar bashin gona ta 1916. Ya yi fafutukar aika kunshin kaya ta gidan waya don manomi ya sayar kai tsaye, ya kuma nemi a kafa hukumar duniya da za ta sa ido a kan kuɗin dakon jiragen ruwa, wadda ba ta samu ba. Mutum ne mai naci, wanda in ya kama magana ba ya saki, kuma ma'aikatan gwamnati a Rum da Washinton sun sha fama da wasiƙunsa. Cibiyar ta ci gaba da fitar da ƙididdigarta duk tsawon yaƙin. Ranar 1 ga Janairu 1919, makonni kaɗan bayan tsagaita wuta, annobar murar nan da kakanninmu suka sani da marisuwa ta ɗauke shi a Rum yana da shekara 69. Sakatariyarsa kuma tafintarsa, Olivia Rossetti Agresti, ta wallafa tarihinsa a 1922.

Abin da ya biyo baya

Aikin da yaƙi ya katse ya ci gaba da jan ƙafa. A 1920 aka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da fara a Rum. A 1929 cibiyar ta sake tara ƙasashe aka yi yarjejeniyar kāre tsirrai, amma kaɗan ne suka tabbatar da ita, don shekarun da suka biyo baya na karayar tattalin arziki ne, kowa yana ɗaga katangar kasuwarsa. Ita kanta cibiyar ta raunana da rigimar shugabanci a zamanin Mussolini. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka rushe ta, aka miƙa ayyukanta da littattafanta ga Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, wadda ita ma ta koma Rum a 1951. A ƙarshen wannan shekarar aka amince da Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa ta Kāre Tsirrai, ta fara aiki a 1952, kuma yau ƙasashe fiye da 180 ne a cikinta, har da Najeriya. Tun 1995 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗauki ƙa'idojinta a matsayin ma'auni: ƙasa tana da 'yancin hana kaya shiga saboda ƙwaro, amma sai ta kawo hujjar kimiyya. Afirka kuma tana da majalisarta ta lafiyar tsirrai a Yawunde.

Tsoron nan biyu na zamanin Lubin har yanzu suna nan, kuma mun ɗanɗana su ta kowane ɓangare. Tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon asalinta Kudancin Amurka ne. Ta isa Sifen a 2006, ta bi ta ƙasashe har ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabo. Daga baya kuma Meziko, babbar kasuwar zoɓonmu, ta dakatar da saye bayan ta ce ta samu wani ƙwaron rumbu a cikin kayan. Masu fitarwa da manoman Jigawa suka kwashe shekaru suna jira, kuma hukumomin ƙasashen biyu sai da suka zauna suka daidaita a kan yadda za a riƙa turara kaya da maganin ƙwari da duba su kafin ƙofar ta sake buɗewa.

Ginin da ke Villa Borghese yanzu ana kiransa Villa Lubin, kuma wata majalisar ba da shawara ta gwamnatin Italiya a kan tattalin arziki da ƙwadago ce ke zaune a ciki. Ɗakin karatun hedikwatar FAO yana ɗauke da sunansa, haka ma wata makarantar firamare a Sakramanto. Kantin da ya buɗe a 1874 ya yi ta haihuwar rassa da sunan ƙanensa Weinstock har tsakiyar shekarun 1990, lokacin da wani babban kamfani ya saye su ya sauke allunan.